Álvaro de Bazán: kwamandan ruwan da ba a taɓa ci da yaƙi ba, amma takardun sarki suka gama da shi

Duk wanda ya ɗan leƙa tarihin Turai ya san labarin Armada, wato tarin jiragen yaƙin nan da Sifaniya ta tura su ci Ingila a 1588 suka dawo a wargaje. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne mutumin da ya fara kawo shawarar tafiyar, wanda kuma aka ɗora wa nauyin haɗa ta, bai ma ga tashinta ba, ya mutu a Lisbon ranar 9 ga Fabrairun 1588, saura wata uku da 'yan kwanaki jiragen su ɗaga anga. Sunansa Álvaro de Bazán, sarautarsa Markis na Santa Cruz. Har gobe mutanen Sifaniya na cewa da yana raye da labarin ya sha bamban. Ni dai ban yarda ba, amma kafin mu kai nan sai an fahimci waye shi da kuma irin yaƙin da ya iya, don a nan ne mutane ke cakuɗa abubuwa.

An haife shi a Granada a watan Disambar 1526, Garnaɗar Andalus ɗin nan dai, shekara 34 kenan bayan ta fita daga hannun Musulmi. Asalin gidansu daga kwarin Baztán ne can arewa a Nabara, kakansa ya yi yaƙin cin Granada ɗin, babansa kuma, wanda shi ma sunansa Álvaro de Bazán, shi ne babban kwamandan jiragen yaƙin Sifaniya a zamanin sarki Carlos na biyar. To ka ga ba wai daga ƙasa ya taso ba, ɗan gata ne na ƙarshe. Tun yana ɗan mitsitsi aka saka shi a ƙungiyar mahayan Santiago, bai kai shekara goma ba aka ba shi muƙamin mai riƙon ganuwar Jibralta, yaron da ko takobi ba zai iya ɗagawa da kyau ba. Haka tsarin yake a lokacin, ana saka wa uba ne ta hanyar ɗansa. Sai dai shi gadon bai tsaya a suna ba, uban ya ja shi cikin jirgi da wuri, kuma bai cika ashirin ba ya shiga yaƙinsa na farko a gaɓar Muros da ke Galisiya, inda babansa ya tarwatsa jiragen Faransawa.

Yanzu ga inda nake so a natsu. A ƙarni na 16 yaƙin ruwa iri biyu ne, kuma kusan sana'a biyu ce daban. A Bahar Rum jirgin da ake ji da shi sunansa galera, dogo ne siriri, ba shi da zurfi, mutane ne ke tuƙa shi da dogayen sanduna, kowace sanda mutum uku zuwa biyar. Igwoginsa 'yan kaɗan ne kuma duk a goshi suke, in kana son ka harba sai ka juya jirgin gaba ɗaya ya fuskanci abokin gaba. Dabarar kawai ita ce a harba sau ɗaya ko biyu, a yi karo, sojoji su tsallaka cikin jirgin maƙiyi a yi ta sara da harbi kamar a tudu. Kuma su wa ke tuƙin? Mafi yawa fursunoni ne da kotu ta yanke wa hukuncin shekaru a kan benci, da bayi, a jiragen Sifaniya bayin galibi Musulmi ne da aka kamo daga Arewacin Afirka ko daga jiragen Turkawa, a jiragen Usmaniyya da na Aljiyas kuma da yawansu Kiristoci ne da aka kamo. A ɗaure suke da sarƙa, nan za su ci nan za su kwana nan za su yi bayan gida, in jirgin ya nitse da su zai nitse. Duk wata nasara da za ka ji an lissafa wa Bazán a Bahar Rum a kan gadon bayan waɗannan mutanen aka yi ta, gara a faɗa tun yanzu.

A tekun Atilantika kuwa galera ba ta da ƙarfin hali, igiyar ruwa za ta cika ta, ga shi cikinta ba ya ɗaukar ruwan sha da abincin ɗaruruwan mutane na fiye da 'yan kwanaki. Can sai manyan jirage masu tsayi da iska ke turawa, irin su galiyon, masu igwogi jere a haƙarƙari. A nan ba bulala ce ke tafiyar da jirgi ba, iska ce, wanda ya samu iska a bayansa shi ke zaɓar lokacin faɗa. Kwamandoji da yawa ɗaya suka iya. Bazán ya iya duka biyun, kuma wannan ne ainihin abin da ya bambanta shi da sa'o'insa.

Shekarunsa na farko aikin gadi ne, yana raka jiragen da ke kwaso azurfa daga Amurka yana korar 'yan fashin teku. Daga 1563 ne abubuwa suka fara zuwa a jere: ceto Oran da Mers el-Kebir, garuruwan da Sifaniya ke riƙe da su a gaɓar Aljeriya, da Hasan Pasha na Aljiyas ya yi wa ƙawanya, sai 1564 cin Peñón de Vélez, wani ɗan dutse a gaɓar Maroko wanda abin mamaki har yau yana hannun Sifaniya, sai 1565 ya je bakin kogin Tetuwan ya nutsar da jirage cike da duwatsu ya toshe wa masu kai hari hanyar fita, a shekarar kuma yana cikin waɗanda suka kai wa Malta ɗauki lokacin da Turkawa suka kusa cinye ta. A 1568 aka ba shi jiragen Napoli, a 1569 sarki Felipe na biyu ya naɗa shi Markis na Santa Cruz.

Sai Lepanto, 7 ga Oktoban 1571, a gaɓar Girka. Sifaniya da Benis da Paparoma Pius na biyar sun haɗa kai a kan Daular Usmaniyya saboda Turkawa sun afka wa tsibirin Kubrus. Kowane ɓangare jiragensa sun haura 200. Shugaban taron dangin shi ne Don Juan na Austriya, ƙanin sarki Felipe ta wajen uba, saurayi ɗan shekara 24, su kuma Turkawa Ali Pasha ne ke jan su. Bazán ba a sa shi a sahun gaba ba, an ba shi galera kusan 30 aka ce ya tsaya a baya a matsayin rundunar ko-ta-kwana. In ka ji haka sai ka ɗauka an raina shi ne, alhali aikin da ya fi kowanne buƙatar kai kenan, domin da zarar galera ta maƙale da ta maƙiyi shikenan babu mai iya janye ta ya kai wani wuri, mutum ɗaya ne ya rage da jirage a sake, kuma in ya zuba su da wuri ko a inda bai dace ba babu gyara. Ya tura wasu ɓangaren hagu inda Agostino Barbarigo na Benis ke shan matsa, ya kai sojoji tsakiya inda jirgin Don Juan da na Ali Pasha suka sarƙe ana ta turmutsutsu har aka kashe Ali Pasha, sannan da Uluj Ali, gogaggen kwamandan Aljiyas, ya yaudari Gian Andrea Doria, mai riƙe da ɓangaren dama na taron dangin, ya ja shi gefe ya kutsa ta gibin da aka bari a dama ya fara ragargazar jiragen Malta, Bazán na cikin waɗanda suka zo suka toshe. Uluj Ali ya tsere da abin da ya rage masa. Cervantes, shahararren marubucin Sifaniya, wanda shi ma ya yi yaƙin har hannunsa na hagu ya shanye, ya kira Bazán uban sojoji kuma kyaftin ɗin da ba a taɓa cinyewa ba, daga nan laƙabin ya bi shi.

Amma kar a kumbura Lepanto fiye da kima. Kafin shekara ta zagayo Turkawa sun sake ƙera jirage kusan adadin waɗanda suka rasa, Kubrus ta zauna a hannunsu, Benis ta lallaɓa ta yi sulhu a 1573, Tunis ɗin da Don Juan da Bazán suka ci a 1573 Turkawa sun ƙwace abarsu a 1574. A wannan zamanin ne ma Mai Idris Alooma na Borno ke aika jakadu wajen sarkin Istanbul, ka ga alamar daular ba ta durƙushe ba kenan.

Abin da ya juya rayuwar Bazán daga Bahar Rum zuwa Atilantika a Maroko ya faru. A watan Agustan 1578 sarkin Fotugal Sebastião, matashi marar ɗa marar mata, ya kwashi sojoji ya je ya hallaka a yaƙin Wadil Makhazin. A yaƙin nan ne Ahmad al-Mansur ya hau gadon Maroko, shi ne wanda daga baya ya turo Judar Pasha ya tsallako Sahara ya karya Songhai a Tondibi a 1591, amma wannan wani zancen ne. Gadon Fotugal ya koma hannun wani tsohon kadinal, wato babban limamin Katolika, mai suna Henrique, shi ma ya mutu a farkon 1580 ba magaji. Felipe ya ce nasa ne tunda mahaifiyarsa gimbiyar Fotugal ce, wani ɗan gidan sarautar da ake kira António na Crato shi ma ya ce nasa ne. Duke na Alba, kwamandan sojojin Felipe, ya shiga ta tudu, Bazán ya shiga ta ruwa har cikin kogin Tagus, a watan Agustan 1580 Lisbon ta faɗi.

Saura tsibiran Azores na Fotugal, can tsakiyar tekun Atilantika. Kar ka ga ƙanƙantarsu, duk jirgin da ya ɗebo azurfar Amurka ko kayan yajin Indiya ta nan iska ke biyo da shi, wanda ya riƙe su ya riƙe maƙogwaron Sifaniya. Tsibirin Terceira ya tsaya wa António. A 1581 wani kwamanda Pedro de Valdés ya yi gaggawar sauke sojoji a Salga, mutanen tsibirin suka koro musu garken shanu suka bi bayan shanun suka yi musu kisan kiyashi, abin kunya sosai. A 1582 kuma uwar sarkin Faransa, Catherine de Medici, ta ɗaure wa António gindi, aka haɗa masa jirage wajen 60 a ƙarƙashin Filippo Strozzi.

Bazán ya taso daga Lisbon da jiragen da ba su kai 30 ba, sauran da ake jira daga Kadis ba su iso a kan lokaci ba. Kwanaki ana zagayen juna ana neman iska a kusa da tsibirin São Miguel, sai ranar 26 ga Yuli wani galiyon nasa, San Mateo, ya fita daga layi, Faransawa suka yi masa rubdugu, ya jure awanni shi kaɗai wuta na ci a jikinsa, har Bazán ya juyo da sauran, ɗaya daga cikin kyaftin ɗinsa, Miguel de Oquendo, ya kutsa da nasa jirgin tsakanin maƙiya, shi kuma Bazán a cikin San Martín ya nufi jirgin Strozzi. Strozzi ya mutu, an rasa jiragen Faransa wajen goma, da yawa daga sauran ma ba su shiga faɗan ba suka juya. Wannan yana cikin manyan yaƙoƙin farko da aka yi da jiragen iska a tsakiyar teku nesa da kowace babbar gaɓa.

Abin da ya biyo baya shi ne baƙin tabon da ke jikin sunansa. Faransa da Sifaniya a takarda ba yaƙi suke ba, sarkin Faransa Henri na uku ya nuna kamar ba shi ya aiko su ba, to sai Bazán ya ce tunda babu sarkin da ya aiko ku ku 'yan fashi ne. A garin Vila Franca do Campo aka fille kan manyan mutane wajen 80, aka rataye sojoji da ma'aikatan jirgi sama da 300, yara ƙanana kawai aka ƙyale. Har wasu daga cikin hafsoshinsa sun roƙa a yi sassauci ya ƙi. Masu kare shi na cewa umarnin sarki ya bi, kuma dokar zamanin ta ba shi dama. To, dama kam ta ba shi, amma mutanen nan sun miƙa wuya ne bayan faɗa na gaba da gaba, ni ban ga yadda za a wanke wannan ba.

A 1583 ya dawo ya gama da Terceira, kuma a nan ne za ka ga irin kansa. Ya yi abin da ake ganin hauka ne, ya tsallako da galera goma sha biyu daga gaɓar Turai har Azores, saboda ya san manyan jirage ba za su iya matsawa bakin tudu su sauke sojoji ba, galera ce za ta iya, ta ja ƙananan kwale-kwale ta kuma share bakin gaɓa da igwar goshinta. Ya sauka a wani lungu da ake kira Mós inda tsaro ya yi ƙaranci, cikin 'yan kwanaki kwamandan Faransawa Aymar de Chaste ya miƙa wuya. Felipe ya ɗaga shi zuwa sahun manyan fadawan da ke da izinin barin hula a kansu a gaban sarki, ya kuma ba shi muƙamin babban kwamandan teku baki ɗaya. Yana can Azores ɗin, a watan Agustan 1583, da zafin nasara ya rubuto wa sarki cewa ga sojoji ga jirage, a wuce Ingila kawai.

Felipe ya yi godiya ya ajiye takardar. Sai da Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta fito fili ta tura sojoji su taimaki 'yan Holan masu yi wa Felipe tawaye a 1585, Francis Drake, kwamandan ruwan Ingila, kuma ya kai hari gaɓar Galisiya, sannan sarki ya ce to Markis kawo lissafi. A 1586 Bazán ya kawo, kuma lissafin ne ya nuna shi waye: jirage sama da 500 manya da ƙanana, mutum sama da dubu 94, guzurin wata takwas, kuɗi kusan dukat miliyan huɗu (kuɗin lokacin kenan), komai a rubuce har biskit da ruwan sha da takalma. Tsarinsa mai sauƙin fahimta ne, irin na Terceira ne aka faɗaɗa: a ɗebi sojojin duka daga Lisbon, kwamanda ɗaya, a je a sauke su. A gefe guda kuma Duke na Parma, wanda ke riƙe da rundunar Sifaniya a Flanders, yankin Beljiyam na yau da ke tsallaken Ingila, ya kawo nasa tsarin, cewa shi zai tsallaka da mutanensa cikin kwale-kwale a dare ɗaya in an riƙe sirri. Felipe, mutumin da ke mulkin rabin duniya daga kan tebur yana rubutu a gefen kowace takarda, sai ya haɗa biyun don a rage kuɗi: jirage su taso daga Lisbon su ratsa mashigin Ingila su haɗu da Parma su raka shi. A takarda ya yi kyau. A ruwa kuwa, Parma ba shi da tasha mai zurfin da galiyon zai shiga, jiragen 'yan Holan masu iya yawo a ruwa marar zurfi na gadin bakin gaɓarsa, kuma babu waya babu rediyo, saƙo tsakanin kwamandojin biyu sai ya yi kwanaki, in ma ya isa.

Daga nan abubuwa suka yi ta taɓarɓare masa. A watan Afrilun 1587 Drake ya faɗo tashar Kadis ya ƙona jirage sama da ashirin, ciki har da wani ƙaton galiyon mallakin Bazán ɗin kansa, ya koma ya tare hanya a kusurwar São Vicente yana kama ƙananan jiragen dako yana ƙona katakon da ake haɗa ganguna da shi. Kar ka raina ganga, a zamanin ruwan sha da giya da nama da kifi duk a ciki ake zubawa, in aka haɗa ta da ɗanyen katako sai ta yi yoyo abin ciki ya ruɓe. Sannan dole Bazán ya kwashi jiragen da yake tanadi ya tafi Azores ya rako jiragen azurfa, don in Drake ya kama su babu kuɗin yin komai, ya dawo wajen ƙarshen Satumba jirage sun sha duka a hannun guguwa, mutane ba lafiya. Shi kuma sarki wasiƙa kan wasiƙa, ka tashi yanzu, ka tashi ko da jirage kaɗan ne, ko da cikin hunturu ne, mutumin da ya yi shekara arba'in da wani abu a ruwa ana koya masa lokacin fita daga wani ɗaki a Escorial, fadar sarki da ke kusa da Madrid. 'Yan fada suka fara raɗa cewa tsohon jan ƙafa yake yi da gangan, aka turo Conde de Fuentes ya zo ya binciki aikinsa. Gaskiya kuma abin da aka tarar a Lisbon ba daɗin gani, igwogi ba su kai ba, abinci na lalacewa a sito, albashi ba ya zuwa, zazzaɓin nan da ƙwarƙwata ke yaɗawa na ta kwasar mutane a cikin jirage. Shi ma ciwon ya kwantar da shi, ya mutu yana da shekara 61. Aka kai gawarsa Viso, wani ƙauye a tsakiyar La Mancha inda ya gina ƙatuwar fada ya cika bangonta da zanen yaƙoƙinsa na ruwa, wurin da ko ƙamshin teku ba ya kaiwa. Yau a nan rundunar ruwan Sifaniya ke ajiye tsofaffin takardunta, zuriyarsa sun ba ta haya a kan peseta ɗaya, tsohon kuɗin Sifaniya, a shekara.

To da yana raye fa? Waɗanda ke cewa da ya ci Ingila suna manta cewa tafiyar da aka yi a 1588 ba tasa ba ce. Shi ya nemi jirage sama da 500, waɗanda suka tashi wajen 130 ne da mutum kusan dubu 30. Shi ya ce sojojin duka su taho tare da jirage, aka ce a'a sai an je an ɗauko na Parma a Flanders. Galerar da ya san ita ce ke sauke sojoji, guda huɗu kacal aka tura, ko mashigin Ingila ba su kai ba guguwa ta kore su. Kuma salon da ya ci Strozzi da shi, a matso a maƙale a tsallaka, shi ne daidai abin da Ingilishi suka ƙi yarda a yi, sun tsaya daga nesa suna ta harbi da jirage masu saurin juyawa. Abin da zan iya ba shi shi ne, mai yiwuwa da shi ne da ya yi ƙarfin halin take umarnin sarki ya afka wa jiragen Ingila tun suna cikin tashar Plymouth, don yana da girman da zai yi hakan ya kwana lafiya, kuma kyaftin-kyaftin ɗin da suka yi ta gardama da juna da ba su yi a gabansa ba. Wannan zai iya canza yadda makon farko ya kasance, amma ba zai haƙa wa Parma tasha mai zurfi ba.

Kuma a yi wa magajinsa adalci. Duke na Medina Sidonia ya rubuta wa sarki yana roƙon a ƙyale shi, ya ce bai san yaƙin ruwa ba kuma jirgi na sa shi amai, mutane suka riƙe wannan suna masa dariya har yau, alhali cikin wata uku ya tsara hargitsin da ya tarar a Lisbon ya fitar da jiragen a ƙarshen Mayu, abin da Bazán da ciwo da gajiya suka ci ƙarfinsa bai samu yi ba. Jirgin da ya hau a matsayin na shugaba shi ne San Martín ɗin nan dai da Bazán ya ci yaƙin Azores a cikinsa. Ya sha ruwan harsashi a Gravelines bayan Ingilishi sun watsa su da jiragen da suka cinna wa wuta a Calais, inda suka tsaya jiran Parma, ya zagaya ta bayan Sikotilan da Ayalan inda duwatsun gaɓa suka cinye 'yan uwansa da dama, ya lallaɓo ya shigo tashar Santander a ƙarshen Satumban 1588 cike da marasa lafiya.